Buɗe kwamin iyo bayan hunturu: yadda ta kaya a gidanmu na Ohayo

A garuruwan arewacin Amurka, gidan da ke da kwamin iyo a bayansa ba ya morarsa sai wata huɗu ko biyar a shekara. Sauran watannin a rufe yake ruf da tamfol, an hure ruwan da ke cikin bututansa, an kwance injin da ke zagaya da ruwansa. Dalilin shi ne ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma wannan ɗan ƙarin ya isa ya tsaga bututun da ke binne a ƙasa ko ya fasa cikin inji. Mun sayi gidanmu a wajen birnin Kolumbos na jihar Ohayo a watan Nuwamba, lokacin tsohon mai gidan ya riga ya rufe kwamin. Mai duba gida da muka biya kafin ciniki ya leƙa ko'ina, daga rufi har ɗakin ƙarƙashin ƙasa, amma da ya zo kan kwamin sai ya rubuta cewa bai duba ba tunda a rufe yake. Abin da muka gada ke nan: baƙin tamfol, rasit ɗin kamfanin da ya yi rufewar, da ɗan littafin inji da ruwa ya jiƙa. Na rubuta wannan saboda mutanenmu da ke ta sayen gidaje a nan, domin bayanin a warwatse yake, kuma yawancin masu ba ka shi suna da abin da suke so su sayar maka.

A farkon Afrilu na fara buga wa kamfanoni waya. Al'adar ƙasar ita ce kowa ya buɗe kwaminsa kafin Ranar Tunawa da Mazan Jiya, wato Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, a rufe bayan Ranar Ma'aikata, Litinin ta farko a Satumba. Tunda kowa rana ɗaya yake hari, layi ya cika tun kafin in waye. Wata ta ce ba su da gurbi sai cikin Yuni. Wani ya ce dala 400, da na matsa masa ya fayyace abin da kuɗin ya ƙunsa, sai ya zamana cire tamfol ne da haɗa inji da tayar da shi da zuba kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka a ruwa, sau ɗaya. Share ƙasan kwami da dawowa har ruwa ya washe, wannan kuɗinsa daban, awa-awa ake lissafinsa. Duk wanda zai ɗauki kamfani ya yi wannan tambayar tun a waya. Maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya, ya daɗe da kwami a gidansa, shi ya fara saita min tunani. Ya ce kada in jira zafi. Gansakuka ba ta da kuzari muddin ɗumin ruwa na ƙasa da digiri 16 a ma'aunin Salshiyos, da zarar ya haura haka kuwa kowane mako a ƙarƙashin tamfol ƙara kore yake yi. A buɗe tun ruwan na da sanyin da ba mai iya tsoma ƙafa, a gyara shi cikin sauƙi, ya jira zafi a tsabtace. Na yanke shawarar in yi aikin da hannuna, tukunyar ɗumama ruwa mai amfani da gas kawai zan bar wa masu ita.

Kafin in taɓa tamfol sai da na gama da shinge. Na kira wakiliyar inshorar gidan, ta yi min tambayoyi a jere: shinge ya zagaye kwamin, ƙyauren yana rufe kansa, akwai katakon tsalle ko abin sulu? Ta ba da shawarar a ɗaga kuɗin da inshora za ta biya idan wani ya ji rauni a gidan, domin a dokar nan ko ɗan maƙwabta ne ya faɗo ba da saninka ba, ana iya kama ka da laifin sakaci. Daga nan na kira ofishin kula da gine-gine na garinmu. Ma'aikaciyar ta karanto min ƙa'idarsu: tsayin shinge kada ya gaza ƙafa 4, tazarar da ke tsakanin sandunansa kada ta kai inci 4, ƙyaure ya riƙa buɗewa ta waje, ya rufe kansa, sakata ta faɗa da kanta, kuma a sa ta inda hannun yaro ba zai kai ba. Kowane gari da tasa dokar, don haka kowa ya kira nasu ofishin. Da na gwada namu ƙyauren, ashe daskarewar ƙasa da narkewarta sun tura turken ya karkace, ƙyaure na zuwa daf da sakata ya tsaya. Na gyara turken, na sa sababbin ƙarafan da ƙyaure ke juyawa a kansu, masu sifirin, na kusan dala 45. Hukumar CDC, mai kula da yaƙi da cututtuka a Amurka, ta ce nutsewa a ruwa ita ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a Amurka. Mu kuwa mun san yadda gidajenmu suke ranar suna ko yawon sallah: manya na falo ana hira, yara goma sha suna zagaye gida, kowace uwa na zaton wata ce ke kallonsu. Ruwan da ya kwanta a kan tamfol ma kansa ya isa ya halaka ƙaramin yaro, shi ya sa wannan ya zo farko.

Wata Asabar a ƙarshen Afrilu na fuskanci tamfol. Namu irin wanda ruwa ba ya ratsawa ne, an danne gefensa da dogayen jakunkunan roba cike da ruwa. Akwai wani mai raga-raga da ake ɗaurewa da sifirin a jikin daɓe, ya fi tsaro don yana ɗaukar nauyin mutum, sai dai ruwan sama da ƙura na bi ta cikinsa. A kan namu, dusar ƙanƙarar da ta narke da ruwan sama da ruɓaɓɓen ganye sun haɗu sun zama wani baƙin ruwa mai wari, kuma duk dabarar ranar ita ce kada wannan ruwan ya zuba cikin kwami. Na sayi ƙaramin injin zuƙe ruwa na dala 70, na ɗora shi a tsakiya, na ja tiyo zuwa kan ciyawa. Ya kwana yana aiki. Abin lura a nan: in tamfol ya huje, ruwan kwamin ne za ka yi ta zuƙewa ba ka sani ba, sai a riƙa ɗaga gefe ana duba ko na ƙasa na raguwa. Ganyen kuma da raga mai zurfi a kan doguwar sanda na kwashe shi, aiki mai karya baya. Cire tamfol ɗin ba aikin mutum ɗaya ba ne. Na roƙi wani matashi ɗalibi da muke masallaci ɗaya, muka tsaya gefe da gefe muna ninke shi kaɗan-kaɗan zuwa ƙarshen kwami. A ƙarshe ragowar dattin ya taru wuri guda ya yi nauyi, yaron ya ce, "Yaya, kada mu ja, bari in kwashe da bokiti tukuna." Haka aka yi. Muka baza shi a kan ciyawa, muka wanke, ya bushe sarai, sannan ya shiga babbar roba mai murfi, don ɓeraye na son yin sheƙa a cikinsa.

Ruwan da muka tarar kore ne mai duhu, ba a ganin matakala ta biyu balle ƙasa, ga tana da ganye a gefe, ga kwaɗi sun riga mu shiga. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Abban yara, wannan kududdufin muka biya wa kuɗi? A zubar a zuba sabo mana." Tunanin da zai fara zo wa kowa ke nan, kuma shi ne mafi tsada. Kwaminmu ƙafa 16 ne a faɗi, 32 a tsawo, matsakaicin zurfinsa ƙafa 5 da rabi. In ka ninka ukun, ka sake ninkawa da 7.5, za ka samu galan kusan 21,000, wato lita kusan 80,000. Wannan lambar a rubuta ta a bango, domin duk wani awon sinadari a kanta yake. Ban da kuɗin ruwa, bango da ƙasan kwaminmu leda ce mai kauri aka shimfiɗa, nauyin ruwa ne ke riƙe da ita. In aka zubar da ruwan sai ta tsuke, ta yamutse, ko ta yage, sabuwa kuwa dubban daloli ce. Masu kwamin siminti ko na faiba ma ba su tsira ba: a wannan lokacin ƙasa a jiƙe take sharkaf, ruwan ƙarƙashi na iya cicciɓo kwamin da babu komai a cikinsa. Koren ruwa gyara shi ake yi.

Sai neman abubuwan da aka toshe. A jikin bango akwai ƙananan kafofi da ruwa ke dawowa ta cikinsu, kowace an sa mata matoshin roba mai kunne. Ka sassauta kunnen, ka zaro, za ka ga kumfa na fitowa, alamar bututun ya kwana da iska ba ruwa ba, abin da ake so ke nan. Sai ka mayar da 'yan ƙwallayen da ke saita inda ruwa zai nufa. A gefe guda kuma akwai aljihun da ke shan ruwan sama-sama, wanda ake kira sikima, a cikinsa an murɗa wata doguwar roba mai kama da kwalba, aikinta ta matse in ƙanƙara ta kumbura maimakon aljihun ya tsage. Da na cire ta sai wani ruwa ruwan hoda ya ɓullo. Maganin hana daskarewa ne irin na kwami da bututun ruwan sha, ba shi da guba irin na mota, kuma ba a taɓa musanya shi da na mota. Wajen inji na fi shan wahala, don duk ƙananan matosan da aka kwance daga inji da matatar da ke tace ruwan da tukunyar ɗumama ban gan su ba. Maƙwabcina ya ce in buɗe murfin inji in duba kwandon ciki, nan masu rufewa ke zuba su. Suna nan kuwa, har da agogon auna matsi. Na mayar da kowanne gurbinsa da farin tef na masu famfo, da hannu kawai na ɗaure, domin roba ce, sifana na tsaga ta. Zoben robar da ke ƙarƙashin murfin inji ya bushe ya tsattsage, na sayo sabo dala 12, na shafa masa man silikon. Kada a shafa basilin, yana lalata robar.

Masu rufewa sun rage ruwan da kusan ƙafa guda, dole a mayar da shi ya kai tsakiyar bakin sikima kafin a kunna komai. A girman kwaminmu kowane inci ɗaya galan 320 ne, don haka tiyon lambu ya wuni yana zuba. Na kira kamfanin ruwa don in san abin da ke jirana, suka tunatar da ni cewa kuɗin magudanar ƙazanta a kan yawan ruwan da ka sha ake lissafa shi, ko da a kwami ka zuba. Wasu garuruwan suna yin rangwame kan wannan, ya cancanci a tambaya kafin a buɗe famfo. Masu rijiya kuma su yi hattara, ruwan rijiya mai ƙarfe a cikinsa na rinewa ja ko kore da zarar ya haɗu da kulorin. Kafin tayar da inji na danna maɓallin gwaji na na'urar da ke yanke wuta in ta haɗu da ruwa, na tabbatar tana yankewa. Sannan na cika kwandon inji da ruwa, na rufe, na buɗe bawul-bawul, na sassauta ɗan maɓallin fitar da iska a saman matatar, na kunna. Injin ya yi ta gurnani, ruwa na zuwa yana yankewa, gabana na faɗuwa, domin inji in ya daɗe yana juyi a bushe ƙonewa yake yi. Na kashe, na ƙara ruwa, na sake kunnawa, can sai kwandon ya cika taf, iska ta gama fita, ruwa ya tsarto ta maɓallin, na rufe shi. Matatarmu ta yashi ce, a kanta akwai hannu mai juyawa zuwa matsayi daban-daban. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karya ta: ba a juya hannun nan inji na aiki. Na fara wanke yashin ta baya, inda aka rubuta Backwash, har ruwan da ke fita ya yi fari, sannan na mayar kan tacewa. Agogo ya tsaya a kan 12, na rubuta a jikin matatar. In ya ƙaru da 8 zuwa 10 a kan haka, lokacin wanki ya yi.

Bayan ruwan ya kwana yana zagayawa, na ɗebi samfur a kwalba mai tsabta, daga zurfin gwiwar hannu, nesa da kafofin dawowar ruwa, na nufi shagon kayan kwami. Gwajin kyauta ne. Ranar hutu ce, layi har bakin ƙofa, kowa riƙe da kwalbarsa mai kore. Da aka zo kaina, wani saurayi ya ɗiga ruwan a na'ura, cikin minti biyu takarda ta fito. Kulorin sifili. Ma'aunin pH, mai nuna tsamin ruwa, 7.0 ne, alhali ana son sa tsakanin 7.2 da 7.8. Alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na riƙe pH kada ya riƙa hawa da sauka, 50 ne, ana son 80 zuwa 120. Sinadarin sayanurik, mai kare kulorin daga hasken rana, 30 ne, daidai ƙasan abin da ake so, 30 zuwa 50. Duk waɗannan ban da pH da kashi cikin miliyan ake ƙirga su, ppm a takarda, su nake kira maki. A ƙasan lambobin kuma ga jerin abin da kwamfuta ta ce in saya: garin kulorin, maganin gansakuka, mai ɗaga alkaliniti, mai ɗaga kalsiyam, mai cire fosfet, mai sa ruwa ƙyalli. Jimla ta haura dala 300. Yaron ba maƙaryaci ba ne, abin da na'ura ta fitar yake karantawa, amma na'urar ta shago ce. Na juya bayan jakar mai ɗaga alkaliniti na karanta abin da ke ciki: sodiyam bayikabonet zalla, wato bekin soda ɗin da mata ke sa wa cincin da kek, wanda babban kanti ke sayar da jakarsa ƙasa da rabin kuɗin. Kalsiyam ya fi damun masu kwamin siminti, domin ruwan da ya rasa shi yakan ci bango, leda kuwa ba ruwanta. Maganin gansakuka mai jan ƙarfe a ciki na barin tabo. Abin da na fito da shi daga shagon akwatin gwaji ne mai ɗigo na dala 85 da jarkokin kulorin na ruwa. Wannan akwatin shi ne sayayya mafi amfani da na yi, don 'yan takardun tsomawa ba sa iya karanta kulorin mai yawa daidai, ni kuma ina bukatar awo safe da yamma.

Tsarin zubawa shi ne alkaliniti da pH tukuna, kulorin daga baya, domin in kulorin ya haura 10 gwajin pH ƙarya yake yi. Giram 680 na bekin soda na ɗaga galan 10,000 da maki 10, saboda haka namu ya ci kilo 4 da ɗoriya kafin ya kai 80, pH ma ya ɗan biyo shi zuwa 7.3. Kulorin na ruwa kuwa ɗan'uwan Hypo ɗin wanki ne da muka sani a gida, sai dai ya fi ƙarfi, kashi 10 zuwa 12.5 cikin ɗari. Galan ɗaya na mai 12.5 na ɗaga galan 10,000 da maki 12.5. Ƙa'idar da na bi ita ce a kai kulorin kusan kashi 40 cikin ɗari na adadin sayanurik, a wurinmu maki 12 ke nan, galan biyu a zubin farko. Da magariba ake zubawa, a hankali, a gaban kafar dawowar ruwa, inji na aiki, don rana na cinye shi. Ƙwayoyin kulorin masu kama da sabulu ba na wannan aikin ba ne: a hankali suke narkewa, kuma kowace na ƙara sayanurik, wanda in ya yi yawa sai ya daƙushe kulorin ɗin, ba ya kuma raguwa sai an zubar da wani ɓangare na ruwan. Maƙwabcina ya ce shi ya koma na ruwa ne tun 2021, lokacin da ƙwayoyin suka yi tsada bayan guguwar Laura ta jawo gobara a wata babbar masana'antarsu a jihar Luwiziyana a watan Agustan 2020. Gargaɗin da ba wasa a cikinsa: kada a haɗa kulorin iri biyu a mazubi ɗaya, ƙwayoyi da gari in sun haɗu suna iya kama wuta. Kulorin da asid kuwa iska mai guba suke fitarwa. Sinadari ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan sinadari. Kada kuma a watsa garin kulorin kai tsaye a kan leda, yana koɗar da ita.

Inda mutane suka fi karaya shi ne washegari. Ka zuba galan biyu da dare, da safe ka auna ka ga maki 1 ko 2, ka ɗauka jabu aka sayar maka. Ba haka ba ne, gansakuka ce ta cinye, kuma aikin shi ne ka mayar da shi 12, ka sake mayarwa, kada ka bar shi ya faɗi. Zubi ɗaya na kamfani ba ya isa a koren ruwa, shi ya sa suke cajin dawowa. Na riƙa awo bayan asuba, da dawowa daga aiki, da kafin barci. Inji bai huta ba dare da rana. Kullum ina goge bango da matakala da bayan tsani da buroshi, don gansakuka na yin wata yauƙi da ke kare ta. Launin ya tashi daga kore mai duhu zuwa kore mai haske, zuwa toka-toka, sannan ya tsaya a fari mai hazo ya ƙi motsi. A nan haƙurina ya kusa ƙarewa, yara na dawowa makaranta suna tambaya, ni kuma ina kallon jarkoki na ƙarewa. Hazon nan gawar gansakuka ce, kulorin ya gama nasa, saura aikin tacewa, kuma matatar yashi a hankali take kama ƙananan abubuwa. Agogon matsi ya riƙa hawa, ina wankewa. Da ƙasa ta fara bayyana, sai ga tulin laka a wajen zurfi. Na haɗa tiyon shara na juya hannun matatar inda aka rubuta Waste, yadda dattin zai fice waje kai tsaye ba tare da ya bi ta yashi ba. Wannan na cin ruwa sosai, sai da tiyon lambu a buɗe. Ruwan da ke fita a kan ciyawata na sake shi, ba a kwatar titi ba, domin kwatar titi rafi take zuwa, kuma garuruwa da yawa sun hana. Gwajin ƙarshe shi ne ka auna bayan faɗuwar rana, ka sake aunawa kafin ta fito. In abin da ya ɓace bai wuce maki 1 ba, kuma kana iya ganin kan kusoshin murfin magudanar ƙasa, an gama. Mu sai da muka haura mako.

Da ruwa ya washe na duba wannan murfin da kyau. A 2002 wata yarinya 'yar shekara 7, Virginia Graeme Baker, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, ta rasu bayan magudanar wani kwamin ruwan ɗumi ta zuƙe ta ta riƙe a ƙasa. Dokar tarayya mai sunanta, wadda aka sa wa hannu a Disamban 2007, ta sauya irin murafen da ake sayarwa. Namu sabon samfuri ne mai tudu, ba tsaga, kusoshinsa a ɗaure. In an ga shimfiɗaɗɗe ko fasasshe, kada kowa ya shiga sai an canza. Na kuma yi gwajin yoyo: ka cika bokiti, ka ajiye a kan matakala, ka yi alama a ciki da waje, ka bar shi kwana guda. In kwami ya fi bokiti raguwa, akwai inda yake zuba. Namu tare suka sauka. Mai gyaran tukunyar gas ya zo a tsakiyar Mayu, ya fitar da sheƙar ɓera daga ciki, ya share hanyoyin wuta, ya gwada ko gas na tsiyaya, ya karɓi dala 150. Da na ga sheƙar nan na gode wa Allah da ban kunna ta da kaina ba.

In an haɗa komai, inji ƙarami da akwatin gwaji da kulorin da bekin soda da kayan ƙyaure da mai gas da ƙarin kuɗin ruwa, na kashe wajen dala 550, kuma sama da kashi ɗaya cikin ukunsa kaya ne da ba zan sake saya baɗi ba. Wanda ba shi da lokaci ko ƙarfin baya ya ɗauki kamfani, ba laifi, amma ya kira tun Fabrairu, kuma ko da kamfani ya mallaki akwatin gwajinsa. Wanda zai sayi gida a lokacin sanyi ya nemi rasit ɗin rufewa da shekarun leda da na inji a rubuce, ya kuma tambayi dillalinsa ko za a iya riƙe wani abu daga kuɗin ciniki har a buɗe kwami a ga lafiyarsa. Ruwa mai kyau a Afrilu daga rufewa mai kyau a Oktoba yake zuwa: a jinkirta rufewa har ruwa ya yi sanyi, a ɗauki hoton kowane matoshi da inda aka cire shi. Ranar taro kuma mun sa doka a gidanmu, babba ɗaya ke zama bakin ruwa ba waya a hannunsa, ba ya tashi sai ya miƙa wa wani, don yaron da ke nutsewa ba ya ihu.

Buɗewa da wuri ma da nata kuɗin. Tsohon injinmu mai gudu ɗaya na cin wutar dala 5 zuwa 6 a rana in ya kwana yana aiki, shi ya sa da ruwa ya washe na mayar da shi awa takwas. Ga watan Mayu lokacin da itatuwa ke zubar da fure da iri, ƙurar fure na rufe saman ruwa da rawaya, 'ya'yan itacen mafal masu fiffike na cika kwandon sikima kafin la'asar. In kwandon ya toshe inji iska zai sha, don haka kullum sai an zazzage shi, ko da kuwa ruwan bai kai ɗumin digiri 26 da yara za su iya shiga ba.